Rabin Turancin Baba Mele

Duk wanda ya zauna a Lafiya a shekarar 1953 zai tuna rumfar Malam Sebastian, can bayan tashar jirgi, kusa da inda mata ke soya doya. Yau babu ita. An cire dirkokin an yi girki da su, akuyoyi ne ke kwana a wurin, kuma manyan garin nan suna wucewa ta gefen a kan kekunansu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da ya same ta. Haka muke. Abu mai amfani ya mutu a gabanmu, sai mu gyara zaman hula mu wuce.

Malam Sebastian ɗan ƙabilar Migili ne daga garin Agyaragu. Ya yi karatu a mishan, ya yi akawun reluwe har Fatakwal, da ƙafarsa ta fara ciwo ya ajiye aiki ya dawo. Abin da ya tarar ya hana shi zama: manoma na noma riɗi, 'yan kasuwa na dakonsa har bakin tasha, amma da an zo gaban Baturen kamfani sai kowa ya zama kurma, ya tsaya yana kallon bakin tafinta. Ya je ofishin En'e ya roƙi ɗaki da benci don ya koya wa 'yan kasuwa Turancin ciniki. Aka ce masa za a duba. Har yau ana dubawa. Shi kuwa ya sayi zana da kuɗinsa ya kafa rumfa, ya ce duk mai so ya zo bayan la'asar.

Cikin waɗanda suka zo har da Baba Mele, wanda mutane suka yi mamakin ganinsa. Dattijo ne mai furfura, Babarbare, fatoma ɗan fatoma. Manomi zai zo da kayansa daga ƙauye ya sauka a gidansa, ya ci tuwonsa, ya kwana a zaurensa, shi kuma Baba Mele ya kai kayan wurin mai saye ya dawo masa da kuɗi. Ƙa'idar sana'ar guda ce tun kaka da kakanni: baƙo ba ya ganin mai saye. A zamanin mahaifinsa zauren nan cika yake yi har a shimfiɗa tabarmi a waje. Yanzu akawuna masu Turanci sun fara shiga ƙauyuka da mota suna kwashe riɗi tun daga gona. Ba laifinsu ba ne, sun tafi makaranta lokacin da mu muke barci. Baƙin Baba Mele suka yi ta raguwa, har ya zama saura mutanen ƙauye ɗaya, 'yan Tibi daga kudu, waɗanda wani ƙaƙƙarfan manomi mai suna Ortese ke jagoranta.

A wannan shekarar ce kamfani ya kawo sabon manaja, wani dogo da 'yan tasha suka laƙaba wa suna Dogon Wuya. Ya ce zai ɗauki mutum ɗaya ɗan gari wanda zai riƙa kawo masa riɗi kai tsaye, amma da sharaɗi: mutumin ya yi magana da shi baki da baki, ba tafinta. Baba Mele ya san idan wani ya samu wannan matsayi, mutanen Ortese ma can za su bi, a rufe zauren da kakansa ya gina. Abin da ya kawo shi rumfa ke nan. Ortese kuwa da ya ga maigidansa na fita kullum da yamma, sai ya biyo shi.

“Kai kuma me za ka yi da Turanci?” in ji Baba Mele. “Doya za ka yi wa?”

“Maigida, ni rakiya na zo,” in ji Ortese. “Kada ka faɗi a hanya, matanka ya ce ni ne.”

Malam Sebastian bai fara da baƙaƙe ba, don yawancin ɗalibansa ba su karanta boko. Ya fara da ƙidaya, kowa ya iya. Daga nan ya shiga abin da ya kira ƙashin bayan ciniki.

“Turanci ba wuya,” in ji shi, yana dogara sandarsa. “Amma kowane kalma yana da abokin tafiyansa. Baba Mele, a Hausa ɗinka ciniki ake yi?”

“Wane irin ɗinki? Ƙulla shi ake yi.”

“Alkawari fa? Ƙarasa shi ake yi?”

“Cika shi ake yi, Malam. Har jikata ta san wannan.”

“To haka Bature. In ka haɗa masa kalma da wanda ba abokinsa ba, zai gane, amma zai raina ka. In ya raina ka, farashinka ya faɗi.”

Da yake ba littafi sai nasa guda ɗaya, sai ya raba ajin biyu. Na dama su faɗi kalmar farko, na hagu su amsa da abokiyar tafiyarta. Na dama su ce “place”, na hagu su ce “an order”, wato sa odar kaya. Na dama su ce “fix”, na hagu su ce “a price”, wato yanke farashi. Haka “deliver” da “the goods”, kawo kaya. “Keep” da “a promise”, cika alkawari. “Sign” da “a contract”, sa hannu a takardar kwangila. Wannan tsari ya zo wa mutanenmu daidai. 'Yan Tibi sun saba da waƙar noma, ɗaya ya bayar saura su karɓa. Musulmi sun saba da biya karatu. Kafin wata ya ƙare rumfar ta zama abin kallo. Masu soya doya na juya cokali a kan kiɗan, fasinjan da ke jiran jirgin Makurɗi kan matso ya leƙa, ƙanshin man ja da hayaƙin kwal na shigowa ta ƙofofin zana, rana tana faɗuwa a kan dogo. Ban san wani wuri a garin nan da Alago da Eggon da Tibi da Babarbare suka taɓa buɗe baki su faɗi abu ɗaya lokaci ɗaya ba, in ba nan ba.

Kujera ɗaya ce a rumfar, tana ɓangaren hagu inda inuwa take. Tun ranar farko aka ba Baba Mele ita saboda shekarunsa. Ortese yana dama, a kan buhun da ba komai ciki, suna fuskantar juna. Muryar Ortese ta fi ta kowa, sai ya zama shi ke jan na dama. Baba Mele kuwa ba ya yarda wani ya riga shi amsawa. Har in sun koma gida haka suke yi a zaure, ɗaya ya jefa, ɗaya ya cafe.

Guda ɗaya ce kawai ba ta fita da kyau daga bakin Baba Mele. In na dama suka ce “share”, ana jiran “the profit”, wato raba riba, sai tari ya kama shi, ko ya sunkuya neman goro a aljihu. Bintu mai sayar da gishirin Keana, wadda ke zaune bayansa, ba ta taɓa barin wannan ya wuce ba.

“Malam, a kawo wa Baba ruwa, riba ta maƙale masa a wuya!”

“Ke Bintu, ki ji da mudunki mai lotsattsen gindi.”

“Mudu na dai a gaban mai saye nake cika shi, Baba.”

Sai rumfa ta ɗauki dariya, shi ma ya yi murmushi cikin gemu.

Da aka yi nisa, Malam Sebastian ya ce a sauya wuri, na hagu su koma dama don kowa ya iya kalmomin biyu. Nan aka samu matsala. Na hagu suka dubi Baba Mele, shi kuma ya gyara zama.

“Malam, ni maigida ne. Maigida ba ya fara magana. Baƙo ke faɗin abin da ya kawo shi, maigida ya amsa. Haka ubana ya yi, haka zan yi.”

“Baba, wannan ba zaure ba ne, makaranta ne.”

“To a makarantar ma ni ne babba. In koma kan buhu, a cikin rana, Ortese ya hau kujera?”

“Ni ba na son kujeranka,” in ji Ortese. “Yana da kuɗin cizo.”

Malam Sebastian ya yi faɗa, ya buga sanda a ƙasa, ya ce ranar da za a shiga gaban Bature ba za a shiga da kujera ba. Ba wanda ya motsa. Tunda dattijo bai tashi ba, kunya ta hana saura tashi. Wannan kunyar tamu ta ci mana abubuwa da yawa, kuma muna nan muna yabonta. Aka ci gaba yadda aka saba.

Ranar ganin Dogon Wuya ta zo bayan an gama kakkaɓe riɗi. Baba Mele ya sa babbar rigarsa mai aska, ya fesa turare. Ortese ya rako shi da buhu ɗaya na samfur a kansa. Da suka isa bakin ofishin kamfani, Baba Mele ya sa ɗan dako ya karɓi buhun.

“Kai jira ni a gindin mangwaron can,” in ji shi.

“Maigida, ba tare muke karatun ba?”

“Karatu daban, ciniki daban. Ka taɓa ganin baƙo ya shiga wurin mai saye?”

Ortese ya juya. Ya je ya zauna a gindin mangwaro, ya ciro lofensa.

Abin da ya faru a ciki, masinjan da ke tsaye a bakin ƙofa ne ya baza shi a gari. Bature ya damƙi riɗin, ya murza, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Ya faɗi farashin da kamfani ke saye, Baba Mele ya ji sarai, don ƙidaya ta zauna masa. Daga nan Bature ya fara bayani, a cikin bayanin kalmar “deliver” ta fito.

“The goods!” in ji Baba Mele da ƙarfi, kafin mutumin ya rufe baki.

Bature ya ɗaga gira, ya ji daɗi. Ya ci gaba, can ya ambaci “sign”.

“A contract!”

Bature ya yi dariya ya ɗaga hannu, alamar a bi a hankali, ba a kai nan ba. Ya jingina da kujerarsa, ya harɗe hannuwa, ya ce to yanzu Baba Mele ya faɗa masa da bakinsa abin da zai yi wa kamfani. Ya zuba masa ido yana jira.

Baba Mele ya gane tambayar. Ya kuma san amsar: zai kawo kaya a kan lokaci, zai cika alkawari kamar yadda gidansu ya saba. Ya buɗe baki.

“A promise,” in ji shi.

Bature na jira.

“The goods. A price.”

Bature ya tambaya, farashin me? Alkawarin me? Baba Mele ya laluba cikin kansa, ya tarar da duk kalmomin farko ba sa nan. Ya ji su sau ba adadi, amma bai taɓa ɗora su a harshensa ba. Da muryar Ortese suke zuwa, kuma Ortese yana gindin mangwaro. Bature ya dubi agogonsa, ya jawo wata takarda ya fara dubawa. A kan bencin waje akwai wani matashin akawu da taye a wuya, yana jiran a kira shi.

Ta taga Baba Mele yana hango Ortese, yana hura hayaƙi, yana korar ƙuda da hula. In ya kira shi, mutumin zai ji farashi da kunnensa, abin da wani baƙo bai taɓa ji ba a gidansu. In bai kira shi ba, akawun nan zai shigo, kuma baɗi ba mai kwana a zaurensa sai ɓeraye. Bature ya ɗaga kai zai yi wa masinja magana.

Baba Mele ya miƙe, ya nuna wa Bature tafin hannu, ya taka zuwa ƙofa.

“Ortese! Kashe lofen nan ka shigo.”

Ortese ya shigo, ya cire hula, ya tsaya a dama kamar yadda ya saba. Bature ya dubi wannan ya dubi wancan. Da yake sabon mutum ya shigo, sai ya sake faɗin komai daga farko, har da farashin.

Ortese ya juyo a hankali.

“Maigida, wannan kuɗin da ya faɗa, na buhu ɗaya ne ko na biyu?”

“Na ɗaya ne.”

“To.”

“Kada ka yi mini wannan ‘to’ ɗin,” in ji Baba Mele ƙasa-ƙasa. “Tuwon da kuke ci fa? Tabarma fa? 'Yan dako, wa ke biyansu? Ranar da ɗanka ya kwanta ciwo, a gidan wa ya yi jinya?”

“A gidanka ne. Ban manta ba. Tuwon ma yana da daɗi, Maigida. Ban dai san yana da tsada haka ba.”

Bature ya ƙwanƙwasa tebur da alƙalami. Bai ji abin da suke faɗi ba, kuma haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Baba Mele ya dubi Ortese. Bai roƙe shi ba, bai iya roƙo ba. Ortese ya daɗe yana kallon riɗin da ya zube a kan tebur, riɗin gonarsa. Sai ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji kamar a rumfa.

“Deliver!”

“The goods!” in ji Baba Mele.

“Keep!”

“A promise!”

“Fix!”

“A price!”

Bature ya ajiye alƙalami ya saki baki. Akawun da ke kan benci ya leƙo. Suka yi ta yi, ɗaya na jefawa ɗaya na cafewa, suna nuna buhu, suna nuna dogo ta taga, suna nuna ƙirjinsu. Bature ya jefa musu tambaya, Ortese ya zaɓi kalmar da ta dace, Baba Mele ya ƙarasa. Turancin ba shi da kyan ji, amma ba kalmar da ta fito ba tare da abokiyar tafiyarta ba, kuma ba tafinta a ɗakin. Bature yana dariya har wuyansa ya yi ja, ya jawo takardar kwangila ya buɗe kwalbar tawada.

A nan ne Ortese ya sassauta murya. Bai dubi Bature ba, maigidansa ya duba.

“Share,” in ji shi.

Baba Mele ya kai hannu aljihu wajen goro, ya fasa. Tari ya taso masa, ya haɗiye shi. Bature ya ɗaga alƙalami yana jiran rabin da ya saura, don zuwa yanzu ya gane yadda mutanen nan ke magana. Ortese bai sake faɗi ba, bai kuma kawar da ido ba.

“The profit,” in ji Baba Mele. Masinja ya rantse a wannan karon ta fita tas, har ta fi sauran.

Bature ya tambayi sunayensu, ya rubuta duka biyun a kan takardar, ɗaya kusa da ɗaya. Baba Mele ya sa hannu da ajami, Ortese ya dangwala yatsa.

Suka kamo hanyar gida tare ta unguwar Bukan Sidi. A ƙofar gida Baba Mele ya tsaya.

“Ka san ubana da yana raye, da ya kore ni daga gidan nan yau.”

“Da ya kore ka, da na ba ka ɗaki a ƙauye,” in ji Ortese. “Matata ya iya tuwo. Kuma ba tsada.”

“Ɗan banza. Shiga ka wanke hannu.”

Labari ya riga su zuwa rumfa. Da suka shigo washegari, Bintu ta rangaɗa guɗa ta ce a ba ta hanya ta ga wuyan da riba ta wuce. Malam Sebastian bai yi dariya ba. Ya ce sa'a ce kawai, da Baturen mai zafin rai ne da an koro su, kuma yau ɗin nan kowa zai sauya wuri ko ya rufe makaranta. Na hagu suka fara tattara tabarmi. Baba Mele ya je ya zauna a kujerarsa ya gyara riga.

“Malam, na raba riba,” in ji shi. “Kujera kuma ban ji ta a cikin karatun ba.”

Bai tashi daga kanta ba har shekarar da ciwon ƙafa ya mayar da Malam Sebastian Agyaragu, ruwan sama ya kwantar da rumfar, ba wanda ya ɗaga ta. Fatomomin garin nan sun daɗe suna jin haushin Baba Mele, suna cewa ya ɓata sana'a. Zaurensa kuwa ya sake cika, don labari ya kai ƙauyuka cewa akwai gidan da manomi ke jin farashi da kunnensa. Bana da kaka sai da aka shimfiɗa tabarmi a waje.

In ka je tasha ranar lodin riɗi za ka gan su a bakin tarago, dattijo a hagu da rawaninsa, Ortese a dama da lofensa. An sauya manaja tun tuni, amma duk wanda aka kawo, akawuna kan gaya masa tun ranar farko cewa mutanen nan biyu tare ake shigo da su.